Kyaftin Maliki Ya Ci Tsere

Duk faɗin ƙasar Daura babu direba kamar Maliki. Wannan ba ƙage ba ne, daga bakinsa muka ji. Tun ranar da ya bar dakon shanu ya koma ɗauko kwantena daga tashar jirgin ƙasa a Kano, ya hana a kira shi direba. Hujjarsa ita ce kwantena ta teku take zuwa, don haka mai ɗaukarta Kyaftin ne. Sauran direbobi suka ƙara masa da Sarkin Ruwan Tudu, ya karɓa hannu bibbiyu, alhali bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Sabke ba.

Kyaftin ba ya zagaya mota kafin ya tashi. Ba ya taɓa taya, ba ya leƙa ƙofar kwantena. "Wannan aikin masu koyo ne," in ji shi. "Ni daga sitiyari nake jin abin da ke bayana. In shinkafa ce na sani, in ƙarfe ne na sani."

Ana nan sai Hajiya Murjanatu, 'yar kasuwa a Mai'adua, ta yi odar injinan ban ruwa kwantena biyu. Ta ba Maliki ɗaya, ta ba wani direba, Saminu, ɗaya, ta ce wanda ya riga isowa ranar kasuwa shi zai riƙe mata dako har ƙarshen shekara. Saminu kuwa mutum ne mai tafiyar kunkuru, ba ya tashi sai ya ƙwanƙwasa kowace taya.

A tashar, layin motoci ya miƙe har bakin titi. Saminu ya shiga layi. Kyaftin ya ce layi na talakawa ne. Ya kewaya ta bayan fili inda babu kowa, ya samu mai injin ɗaga kaya yana shan shayi.

"Kai, ɗora min waccan shuɗiyar. Ta Hajiya shuɗiya ce."

"Ranka ya daɗe, wannan layin ai na…"

"Ni za ka koya wa kwantena? Ɗora!"

Aka ɗora. A bakin ƙofa ma ba wanda ya tsayar da shi, hannu kawai aka ɗaga masa. Ya ce a ransa kwarjini ke nan, ba a saye a kasuwa.

Ranar mota ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta wuce Kazaure kamar tsuntsuwa. Hawan da ta saba yi da nishi da baƙin hayaƙi, ta haye shi ko giya bai sauke ba. A Daura ya tsaya cin tsire don kawai ya yi wa direbobi nasiha.

"Nauyi ba a kaya yake ba, 'yan'uwa, a hannun direba yake. Ga ƙarfe cike da bayana, amma kun ji motar ta yi tari? Ku gaya wa Saminu in ya iso gobe ya zo in koya masa."

Ya shiga Mai'adua yana danna ham tun daga nesa. Manoman rani da suka zo sayen inji suka kewaye motar. Hajiya ta fito da fara'arta, ta zagaya baya, sai fara'ar ta ragu.

"Maliki, ina hatimin ƙofar?"

"Hajiya, kayan da Kyaftin ya ɗauko ba sa bukatar hatimi. Amanata ita ce hatimi."

Ya hau kan taya ya yi jawabi mai tsawo a kan ƙwarewa, da yadda teku ke miƙa wa jirgi, jirgi ya miƙa wa Maliki. Sannan ya ba da umarni a buɗe.

Aka buɗe. Wayam. Daga layin kwantenonin da aka riga aka sauke wa kaya ya ɗauko ta. Wani manomi ya leƙa ya yi sallama, muryarsa ta dawo masa.

"Sannu da ƙoƙari, Kyaftin," in ji Hajiya. "Sai ka mayar musu da abarsu. Ni bari in jira Saminu."

Can daga ƙuryar kwantenar wani jan ƙadangare ya tako har bakin ƙofa. Ya dubi taron, ya dubi Maliki, ya gyaɗa kai. Duk kasuwar, shi kaɗai ya gamsu da jawabin.