Rasuwar Vernon, Sandar Hannun Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa mai cike da ruwa, ni Loretta Pruitt, wadda matafiyan dawa suka fi sani da Kaka Rediyo, nake sanar da 'yan uwa da abokan hanya rasuwar Vernon, sandata ta hannun hagu, wanda rai ya yi wa halinsa ana saura mako guda Kirsimeti, a wata gangara cikin duwatsun arewacin Georgia, bayan doguwar jinya da gajeriyar faɗuwa.

Tun daga nan bari in gyara wata magana, don ta riga ta yi nisa. Sanda ce ta mutu. Mijina Vernon Pruitt, wanda sandar ta ci sunansa, yana kwance a maƙabartar cocinmu shekara tara ke nan, kuma bai sake mutuwa ba. Matan da suka aiko da tukwanen taliya da cuku na gode, an cinye, ba za a mayar ba.

Marigayin ya shigo hannuna tare da matarsa Opal, sandar dama, a wani shagon kayan gwanjo. Ko da yake sanda ce, ban taɓa shakkar cewa namiji ba ne, saboda halinsa. Ranar farko da muka fara hawan tudu ya ce “ƙiiit”, ya sake cewa “ƙiiit”, kowane taku sai ya yi ƙorafi, alhali Opal tana aikinta shiru. Na tsaya na dube shi na ce, ashe kai ne ka dawo. Daga ranar ya zama Vernon.

Mutum ne, in an yarda in kira shi haka, mai juriya da ƙananan maganganu. A kan dutse yana cewa “ƙwas”. A cikin laka yana cewa “cwaɓ”, kamar tsoho yana shan kunu ba haƙori. Da dare shi da Opal ke ɗaga mini tanti, ya kwana a tsaye bai taɓa neman lada ba. Ya gwada mini zurfin rafuka kafin in sa ƙafa. Ya ture maciji mai ƙararrawa a wutsiya daga kan hanya a hamadar California. Ya taɓa tsayawa tsakanina da wata beyar, ƙatuwar dabbar dawa mai farata, da ke son gwangwanin markaɗaɗɗiyar gyaɗata, kodayake gaskiya rawar jiki yake yi, kuma ba zan rantse cewa ba hannuna ne ke rawar ba. Babban abin da zan shaide shi da shi kuwa, ya saurare ni. Ba a banza aka sa mini Rediyo ba. Sunan hanya ba kai ke zaɓa ba, abokan tafiya ke liƙa maka, kuma ba a mayarwa. Ni sun ce ina kamawa tun asuba, ba ni da wurin kashewa. Mutane sukan ƙara sauri su bar ni. Vernon bai taɓa barina ba, don igiyarsa na ɗaure a wuyan hannuna.

A bana ne muka ɗaura niyyar abin da ya zama ajalinsa. Tsakaninmu tsofaffin matan da suka haura sittin da biyar akwai wani kambu da muke yi wa kishi, na wadda ta fi taka mil mai yawa cikin shekara guda, daga ɗaya ga Janairu zuwa daren ƙarshe na Disamba. Ba kofi, ba ko sisi, sai dai a ce wance ce. Mai riƙe da shi wata 'yar Oregon ce da ake kira Tafarnuwa, mace mai kirki wadda na fi shekara biyar ina yi wa fatan ciwon agara. Mil dubu bakwai da ɗoriya ta taka. Na ce wa Vernon za mu wuce ta. Ya ce “ƙiiit”.

Dokar abin ɗaya ce. Da ƙafa ake yi, kuma in ka sauka daga hanya don sayen abinci ko ganin likita, dole ka dawo daidai inda ka tsaya ka ɗora daga nan. Wanda ya tsallake ko taku goma a mota, mai bin rawayan fenti muke ce masa, fentin tsakiyar kwalta, mu kuwa farin fentin jikin bishiya muke bi. Gara a ce ka saci akuya da a kira ka da wannan suna.

'Yata Darlene, ma'aikaciyar asibitin haƙori a Knoxville, ita ma ta kafa tata dokar kafin in fita.

“Mama, ban hana ki ba, tunda ba kya hanuwa. Amma ranar da wani abu ya karye a jikinki, a mota za ki dawo gida, kuma ba ki ƙara fita.”

Na ce na yarda. Ƙasusuwana na sani, irin na uwata ne.

Jinyar marigayin ta fara ne a tsaunukan Colorado, inda gaɓarsa ta tsakiya ta soma zamewa, yana gajarcewa ba sallama, sai in ji na karkace kamar tebur mai ƙafa uku. Na naɗe shi da salatif. Ya zame, na ƙara. Kafin mu iso hanyar duwatsun Appalachia salatif ya fi shi yawa. Masu sani suka ce in saya sabo. Na ce wanda ya yi zaman aure shekara talatin da takwas da Vernon na farko ba ya yar da abu don yana ƙara.

Ranar da abin zai faru ƙanƙara ta daskare a kan duwatsu kamar gilashi, ga shi saura mini tafiyar kwana biyar in wuce Tafarnuwa. Ƙafata ta zame. Na tafi gaba ɗaya ta hagu, wajen da ramin yake. Vernon ya cusa bakinsa a tsagar dutse, ya ɗauki nauyina duka, ni da jakata da burodin masarar da ke ciki. Ya ce “ƙiiiiit”, mafi tsawo a rayuwarsa. Sannan ya ce “ɓas”. Bai ƙara magana ba. Na faɗi zaune a bakin ramin maimakon cikinsa, gwiwata ta murɗe, ƙuguna lafiya lau.

A nan wani abokin hanya ya same ni, tsohon direban bas mai gemu har ƙirji, wanda ake kira Ba-Birki saboda yadda yake sauka gangara. Ina zaune ina kuka da rabin sanda a ƙarƙashin cinyata.

“Kaka Rediyo, lafiya?”

“Vernon ne. Ya tafi. Ya karye gida biyu don ya cece ni, rabinsa na can a tsagar dutse…”

Ban rufe baki ba ya riga ya kai kwanar gaba, yana neman inda waya ke kamawa. A hanya babu wanda ya san sunan kowa na yanka, kuma duk wanda ya kwana kusa da tantina ya ji ni ina faɗa da Vernon. Ashe rabin matafiyan bana sun ɗauka wani miskilin tsoho ne da ba ya fitowa gaisuwa. Kafin azahar labari ya kai masaukin Maybelle Ledford da ke gindin dutsen, daga Maybelle ya shiga coci, daga coci kuwa ba sai na faɗa ba.

Masu ceto suka hauro su shida da makara.

“Ina gawar, Inna?”

Na nuna musu. Babbansu ya daɗe yana kallon sandar, sannan ya cire hula, Allah ya yi masa albarka. Tunda sun riga sun kawo makara, ni suka ɗora a kai suka gangara da ni ta wata ƙaramar hanya.

Bayan kwana biyu Darlene ta iso masaukin, ta tarar da ni a kujera da ƙafa a kan matashi, ga tukwane tara a kan tebur.

“Mama, an bugo mini an ce Baba ya rasu. Na ce wa matar ai na sani, ni na zaɓi akwatin.”

“Sanda ce, 'yar nan.”

“Na gani. Ɗauko jakarki. Abu ya karye.”

“A jikina kika ce.”

“Ke da bakinki kika ce shi ne ƙafarki ta uku. A gaban fasto kika faɗa.”

Maybelle ta sa baki daga kicin ta ce ita dai a saninta ƙafa ba ta zuwa da rasit. Muka yi ta yi har shayi ya huce. Da Darlene ta ga ba ta ci nan ba, sai ta sauya dabara, don 'yar ubanta ce. Dusar ƙanƙara ta zuba kwana biyu, ta shafe komai.

“To, na ji. Dokarku ta ce daidai inda kika tsaya. A kwance aka sauko da ke kina kallon sama kina ba mutane labarin aurenki. Nuna mini wurin. In kin gane shi, ki ci gaba. In ba ki gane ba, mota.”

Na yi shiru, abin da Maybelle ta ce za ta ba jikokinta labari. 'Yar na'urar nuna wuri da ke rataye a jakata kintace take yi, nan-nan dai take cewa, mu kuwa ba ma aiki da nan-nan. In na ɗora daga gaba da wurin, na zama mai bin rawayan fenti a shekara sittin da takwas, kuma Tafarnuwa za ta ji.

Da kumburin gwiwa ya sace muka hau, ni da Opal da Darlene cikin sabon takalmin da ta ara. Gangarar duk ta zama fari ɗaya, kowane dutse kamar ɗan uwansa. Darlene har ta fara laluben makullin mota a aljihu. Sai ga wani abu can gefen rami ya ɗago kai daga cikin dusar, siriri, a karkace, da jelar salatif tana kaɗawa a iska. Rabin Vernon ne, yana nan a tsagar da ya cusa baki, yana gadin wurina. Ko a mace ya yi aiki, abin da mai sunansa bai cika yi ba a raye.

Darlene ta leƙa ramin, ta dubi sandar, ta dube ni. Ta zagayo ta tsaya a haguna, ta ɗora hannuna a kafaɗarta.

Haka muka ƙarasa, kuma mun wuce Tafarnuwa ana gobe shekara za ta ƙare. Kowane tudu Darlene sai ta ce “wayyo bayana”, kowane rafi “wa ya aike ni”, kowane taku da abin da za ta faɗa. A rana ta biyu Ba-Birki ya bi bayanmu na ɗan lokaci yana saurare, sannan ya ce, “Sannu da ƙoƙari, Vernon na Uku.” Na riga na gaya muku, ba a mayarwa.

Marigayin ya rasu ya bar matarsa Opal, wadda ba ta samu zaman takaba ba saboda aiki, da tanti guda da yanzu ke kwana a durƙushe, da takalma goma sha ɗaya da suka riga shi gidan gaskiya a bana, da ni.

Ba za a binne shi a dawa ba, don abin da ka shiga da shi kai ke fita da shi. Za a yi jana'izarsa ranar Asabar ta biyu a watan Janairu da hantsi, a masaukin Maybelle, inda za a rataye rabinsa na sama a bisa ƙofa. Rabin ƙasa zai koma lambuna ya tallafi tumatir, don bai saba zaman banza ba. Tafarnuwa ta aiko cewa za ta zo, a ba ta kujerar baya. Kada a kawo furanni, kada a ƙara taliya. Ni zan yi jawabi, saboda haka kowa ya taho da abin zama da guzuri.

Mai ɗaukar gawa ita ce magajiyarsa. In kun kira ta Darlene za ta gaishe ku da ladabi. In kun kira ta Vernon za ta zage ku, amma ku lura, sai ta juyo tukuna.