Takardar Ƙarar Hon da Inna Barira Ta Ƙi Dangwalawa

"...Lafiya lau, Inna. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan, ta fi taka ƙwari. Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi."

"To zauna, angona, kada iska ta ɗauke min kai."

Zaharaddini ya jawo kujera ya zauna gaban kakarsa, Inna Barira, wadda ke ɓarar gyaɗa a tsakar gidanta a Karaye. Ranar Alhamis ce, bayan la'asar. Gyaran waya yake yi a kasuwa, kuma bai saba rufe shago da wuri haka ba. Ga takarda a ninke a aljihunsa, ga ƙullin goro a hannu. Duk wanda ya san Zaharaddini ya san ba ya sayen goro sai da dalili.

Bai gama zama ba aka danna hon a ƙofar maƙwabcinsu, Malam Ɗayyabu. Sau uku, dogaye.

"Kin ji ko? Kin ji abin da nake faɗa!"

"Ni kukan cikinka na ji. Miƙo goron."

"Sai kin dangwala min a nan." Ya zaro takardar. "Ƙara ce zan kai wa mai unguwa. Baƙin gidan Malam sun hana ki sakat da hon, shi ne na rubuta da sunanki."

"Allah sarki, ashe an hana ni sakat ban sani ba. Karanta in ji halin da nake ciki."

Ya gyara murya. "Ni Barira, tsohuwa mai shekara casa'in da biyar..."

"Casa'in da me?"

"Ragi ma na yi miki. Ai ran da aka kafa Karaye ke kika kai wa magina ruwa."

"Ƙwarai, kuma da sauran ruwan na yi maka wankan farko. An haife ka kamar ɗan ɓera, a ƙwarya muke ajiye ka don kada kaza ta tsince ka. Ci gaba."

"...mai fama da hawan jini..."

"Jinina ƙalau yake. Sau ɗaya ya taɓa hawa, ran da ka ce za ka zama ɗan ƙwallo."

"...wadda ƙarar hon ke hana ta lazimi."

"Kai yaushe rabonka da ganin carbi har ka san lazimina? Tsaya in tambaye ka, ɗan nema. Injin niƙan gidan Safara'u tun safe yake ruri har magariba, shekara nawa, ka taɓa rubuta masa takarda?"

"Wannan ai sana'a ce."

"Masu zuwa ɗaukar Malam ɗaurin aure Kurugu da Kwanyawa, su ma suna danna hon. Ban ga ka rufe shago dominsu ba."

"Nasu gajere ne."

"Au, har awo kake yi? To ni ma na yi nawa. Tausayina ba ya kama ka sai Alhamis da Lahadi. Kuma Alhamis da Lahadi ne farar motar nan take zuwa daga Rogo. Ta Ikrama, ɗan mai sayen hatsi, da yake zuwa zance wurin Kausar."

Zaharaddini ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya ɓare, ya zuba ƙwayar cikin ɓawo, ya jefa ɓawon cikin ƙwaya. Kausar 'yar Malam Ɗayyabu ce, malamar firamare. Shekara guda ke nan yana shirin yi mata magana, kullum maganar sai ta tsaya a kan caji da batir. Lissafinsa shi ne, in mai unguwa ya tsawata, Ikrama zai ji kunya ya ɗauke ƙafa.

"Ni dai lafiyarki nake dubawa," ya ce.

"Duba min gyaɗata tukuna, ka haɗa min ƙwaya da shara. Yarinyar nan sau nawa ta kawo maka wayarta wannan watan?"

"Sau... huɗu."

"Me ya same ta?"

"Ba komai. Ƙalau take."

"Ka faɗa mata haka?"

"Na ce ta dawo jibi."

Inna Barira ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Ita ta kawo lafiyayyar waya, kai ka gyara lafiyayyar waya. Wallahi ban san wanda ya fi wani wauta a cikinku ba."

"Inna, mota ce fa da shi. Ni babur ɗina sai an tura."

"Matso in faɗa maka, tunda kanka girma kawai ya yi. Jiya Suwaiba, matar Malam, ta shigo aron rariya. Ta ce wata biyu yaron nan yana zuwa, bai taɓa saukowa ya yi sallama a zaure ba. Malam yana zaune kan buzu da littafinsa, shi kuwa yana cikin mota da abokansa, gilas a rufe, sai hon. Malam ya ce 'yarsa ba fasinja ba ce, ƙofarsa kuma ba tasha ba ce. Ita ma Kausar da ta ji hon sai ta jawo littattafan 'yan ajinta, ta ce aiki ya yi mata yawa."

"Da gaske?"

"Yanzu kai da wayonka ka kai takarda. Mai unguwa ya kira shi ya yi masa nasiha. Lahadi ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida Malam. Ga mota, ga ladabi. Kai me ya rage maka? Babur mai tari?"

Zaharaddini ya dubi takardar kamar wani ne ya rubuta ta. A waje aka sake danna hon, wannan karon har kajin gidan suka watse.

Ya ɗaga hannu sama. "Allah ya ƙara wa batirin motar nan ƙarfi!"

"Amin, angona. Yau ka fara hankali."

"Na sallama, tsohuwa. Na mayar da ke shekara arba'in." Yana dariya ya ajiye mata ƙullin goron a cinya.

Ta karɓe takardar, ta naɗe ta, ta cika da gyaɗa ta miƙa masa. Sannan ta kwance goron, ta zaɓi manya biyu ta ɗaure a bakin zane, ta tura masa sauran.

"Wannan na Malam ne. Ka bari motar ta tafi, ka je da ƙafarka, ka yi sallama da bakinka. Hon ɗin babur ɗinka yana yi?"

"Ya mutu tun bara."

"Kai da ka iya gyara, kada in ji ka taɓa shi."