Sharuɗɗan Mai Jinin Zinariya

A duk layin masu sayar da labule babu mutum mai daraja kamar Mai Jinin Zinariya. Ba jita-jita ba ce. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ai babu wanda ya fi shi sanin kansa.

Sauran 'yan kasuwa da shaguna suke taƙama, wasu da motoci. Shi da jininsa yake taƙama. Shekarun baya, lokacin yana da sauran gashi a ka, wasu likitoci suka shigo unguwa neman mutanen da za su riƙa dubawa duk shekara har tsufa, don a gano abin da ke kawo hawan jini da ciwon zuciya. Suka ɗauki tela, suka ɗauki mai aski, suka ɗauki direban bas da matan aure, har da matarsa. Aikin ba wuya: ka hau sikeli, a ɗaura maka abin awo a dantse, a soki yatsa a ɗiga jini, ka tafi. Kowa ya ɗauki abin zuwa asibiti ne kawai. Shi kaɗai Allah ya ba basirar gane cewa shi ake nema, sauran an haɗa da su ne don kada mahassada su farga.

"Yanzu haka jinina yana ƙasar waje," in ji shi ga duk wanda ya shigo shago, "cikin firji na musamman. Manyan likitocin duniya layi suke bi su leƙa shi."

Mace ta zo tambayar kalar labulen da zai dace da kujerunta, sai ta fita da cikakken tarihin jijiyoyinsa, ba labule.

Sai ƙaddara ta faɗa wa kimiyya. Wata shekara, wata nas marar tarbiyya ta zagaya tumbinsa da igiyar awo, ta kuma faɗi abin da ta gani da ƙarfi, tela yana tsaye yana ji. Ran nan Mai Jinin Zinariya ya janye daga binciken, ya kuma janye matarsa, wadda ba a auna mata tumbi ba, ba a kuma tambaye ta ba. Ya zauna yana jiran labarin rushewar asibitin. Labarin ya yi jinkiri, amma shi mutum ne mai haƙuri.

Gaskiya mutane da yawa sun daina zuwa bayan haka. Wani ya tashi daga unguwa, wani ya gaji, wata ta haihu ta manta. Shi dai ya san dalilin: sun ga jagora ya fita.

Shekaru suka shuɗe. Wata safiya wata ma'aikaciyar bincike ta yi sallama a shagon, jaka a kafaɗa, takalminta ya sha yawo. Cikin ladabi ta yi bayani. Waɗanda aka fara dubawa da ƙuruciyarsu yanzu sun manyanta, kuma yanzu ne jikinsu zai nuna abin da aka daɗe ana jira. Idan tsofaffin ba su dawo ba, aikin shekara da shekaru ya tashi a banza, za a rufe shi, domin ba a iya maye gurbinsu da sababbi.

A duk bayanin nan, kunnensa abu ɗaya ya kama: ba a iya maye gurbinsu. Ya gyara shi a zuci ya koma "gurbinsa".

Ya jingina da kujera, ya haɗa yatsu a kan tumbin nan mai tarihi.

"Malama, na san za ku zo. Na yi mamakin daɗewarku ma. Ni ba mai riƙo ba ne, amma babba ba ya komawa haka kawai kamar wanda ya manta takalmi. Ki rubuta. A tanadar mini kujera mai hannu. A rataya hotona a bakin ƙofa, na nan da nake kallon gefe. A daina kirana da lamba. Sannan shi Farfesan naku, shugaban binciken, ya tako da ƙafarsa ya roƙe ni, nan, gaban jama'a."

Malama ta ce za ta isar da saƙo. Ta tambaya ko za ta iya ganin matar gidan, tun da ita ma tana cikin na farko. Ya ce ganinsa ya wadatar.

Ita kuwa matar, watanni ke nan kanta na sarawa. Idan ta sunkuya wanki ta ɗago, sai ta dafa bango. Da ya koma gida ya ba ta labarin yadda ya durƙusar da asibiti guda, sai ta ce, "Baban yara, ka bar ni in je su duba ni mana. Kan nan nawa ya ishe ni."

"Ki daure, Maman yara. Muna tsakiyar tattaunawa. In kika je yanzu kin karya mini farashi."

Washegari ya kafa Ƙungiyar Tsofaffin Masu Ba da Jini Domin Ci Gaban Ɗan Adam. Aka yi zaɓe a cikin shago, ƙofa a rufe, ya lashe ba hamayya. 'Yan ƙungiya sun san suna ciki ne da suka ga sunanta da sunayensu a jikin ragowar labule an rataya a bakin titi. Ya tara su da yamma, ya hau kan benci, bencin ya yi ƙara amma ya jure don girmamawa.

"'Yan uwa! Lokacin da duniya ke barci, mu muka miƙa yatsu! An sha jininmu, musamman nawa, ba a ce an gode ba. Daga yau kada wanda ya taka asibitin nan sai na ba da umarni. Ni zan shige gaba. In an karrama ni, ku aka karrama!"

Tela ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Mai aski ya gyaɗa kai. Direba ya tafa sau biyu. Shugaba ya sauko yana jin daɗin yadda talakawa ke da biyayya.

Biyayyar ta kwana ɗaya. Da safe tela ya bi ta bayan layi ya tafi asibiti, domin ƙafarsa na kumbura kuma ya ji za a duba shi. Mai aski ya bi bayansa. Direba ma kwasar mutane ya riƙa yi a bas. Maman yara ta ɗauki kwando ta ce za ta kasuwa, matar tela ta raka ta asibiti. Da aka ɗaura mata abin awo, nas ta sake aunawa, ta kira likita da sauri, don jininta ya hau sosai. Ba su bar ta ta tafi ba sai da jinin ya sauka, suka haɗa ta da magani da gargaɗi mai zafi: da ta ƙara jinkiri, da sai dai a kawo ta a kwance.

Bayan kwanaki maigidan ya lura ta daina dafa bango. Ya ce, "Kin gani? Na ce ki daure."

Shi kuwa yana nan yana jiran Farfesa. Duk motar da ta rage gudu a gaban shago sai ya gyara hula, ya ɗauko jarida ya riƙe kamar wanda aka katse wa nazari. Motocin dai rami suke kaucewa.

Daga ƙarshe Malama ta dawo. Ta ce Farfesa na gayyatar duk tsofaffin mahalarta taro, kuma ta duba ɗakin da kanta, akwai kujera mai hannu. Sauran sharuɗɗan ba ta ambata ba. Shi ma bai tambaya ba, domin mai nasara ba ya ƙure wanda ya kayar.

Ranar taro ya sa rigar da ta fi kowacce nauyi, ya yi wanka da turare, ya makara da gangan kamar yadda manya ke yi. Ya tarar ɗaki cike. Ga tela, ga mai aski, ga direba, kowa na shan lemo, suna gaisawa da nas-nas kamar 'yan gida. A sahun gaba ga Maman yara, ta ƙura wa fanka ido kamar yau ta fara ganinta. Wani mai ƙaramar zuciya da ya ce an ci amanarsa. Shi nan take ya gane sun riga shi zuwa ne don su tarbe shi.

Kujera mai hannun, wata tsohuwa mai sanda ce a kai. Ya yafe mata.

Farfesa, wani ɗan siririn dattijo mai sanyin murya, yana cikin godiya ga jama'a, sai Shugaba ya miƙe ya karɓi abin magana, wai zai taya shi. Ya fara daga haihuwarsa. Ya bi ta kan kakansa, wanda bai taɓa tari ba. Lemo ya ƙare, yara suka yi barci a bayan iyayensu, bai kai ga aurensa ba. Can ya juyo.

"Farfesa, lokaci ya yi. Faɗa wa mutanen nan abin da kuka gano a jinina."

Farfesa ya ce ba sa faɗin sakamakon mutum a bainar jama'a.

"Na ba ka izini! Kada ka rage komai don tsoron hassada."

Dattijon ya ce, "To, Alhamdu lillahi, babu wani abu na daban. Kuma amfaninka ke nan a wurinmu. Mutane muke nema irin na kullum, waɗanda in ka ga ɗaya ka ga dubu. Da jininka ya fita daban, da sai mun ware shi gefe don kada ya ɓata mana lissafi."

Tela ya shaƙe da tari. Direba ya sunkuya neman abin da bai yar ba.

Amma manya ba sa faɗuwa da bugu ɗaya. "Kun ji ko?" in ji Shugaba. "Ni ne ma'aunin dubu! To, a gaban idonku zan sake buɗe wannan bincike." Ya taka zuwa teburin nas, ya miƙa yatsa sama kamar mai rantsuwa.

Nas ta ce yanzu ba a yatsa ake ɗiba ba, a hannu ne. Ta naɗe masa hannun riga, ta ɗaure dantsen, ta ɓare allura. Bai taɓa ganin irinta kusa haka ba. Ya dube ta, ita ma kamar ta dube shi.

"Tarihi," in ji shi, "tarihi zai... zai..."

Tarihi bai samu jin sauran ba. Mutum huɗu ne suka ɗaga shi zuwa gado, direba na ba da umarni kamar ana juya bas a lungu.

Da ya farfaɗo, ɗakin ya watse. Maman yara ce kaɗai a gefensa tana yi masa fifita, ga auduga manne a hannunsa. Ya yi gyaran murya, ya tambaya a hankali ko jama'a sun firgita.

"Sun dai yi maka sannu," in ji ta. "Farfesa ma ya ce a gode maka."

Ya ɗan ɗago. "Saboda jawabin?"

"A'a. Wai tun da aka fara binciken nan ba a taɓa samun awon jininka mai kyau ba, don ba a auna mutum yana magana. Yau ne suka samu."