Mutumin Cikin Durom

A unguwarmu babu wanda bai san bakin Bawale ba. In ya kashe sauro da safe, kafin la'asar ya zama kura.

Ranar sadakar uku ta yayana Nadabo, muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida. Nadabo mahauci ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu. Sai ga Bawale. Ko shafa addu'a bai gama ba ya gyara murya.

"Allah ya jiƙan Nadabo. Kun tuna bijimin da ya tsinke a kasuwa bara? Ana ta cewa shi ya kayar da shi. To yau zan faɗi gaskiya, ni ne. Shi igiya kawai ya miƙo min."

Raina ya ɓaci. Bajintar da ake tuna yayana da ita ke nan, ga shi za a ƙwace, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Ni kuma ranar da abin ya faru ba na gari, balle in ƙaryata.

Bawale ya shiga zuba. "Na tare shi! Na damƙi ƙaho! Na murɗe, tim!"

Wani ya yi hamma. Wani ya koma kan tasbaharsa.

"Wai ba ku ji tsoro ba?" in ji Bawale.

Na ce, "Tsoron me? Ga ka zaune da ƙafafunka biyu, mun san ka tsira. Yaya Nadabo in zai ba da labari ba ya bi ta bakin jarumi. Ta idon matsoraci yake bi, wanda bai san me zai same shi ba. Nan ne gaban mai sauraro ke faɗuwa. Amma fa ba kowa ya iya ba."

"Ba kowa ba? Ni kake gaya wa?" Ya naɗe hannun riga. "To ranar akwai wani matsoraci, ya faɗa cikin durom ɗin manja ya ja murfi. Duhu. Zafi. Ba ya ganin komai sai ta wata 'yar huda. Ƙafafu ne kawai ke wucewa, fyuu! Can sai shiru."

Mai hamma ya rufe baki.

"Sai ya ji ƙaf... ƙaf... kofato. Hudar ta toshe. Hancin bijimi ne! Huci mai ɗumi na shigowa daidai kunnensa. Ga kyankyaso yana hawa masa ta ƙafar wando, ba halin motsi."

"Sai me? Sai me?" in ji jama'a, har an matso.

Bawale ya miƙe tsaye, gumi na zuba. "Sai gwaram! Ƙaho ya daki durom. Durom ya gangara, matsoracin yana juyi a ciki yana kiran sunan uwarsa. Da ya tsaya, ya manna ido a hudar, sai ga wani ƙato ya yi kukan kura ya cafke ƙaho!"

Na ce, "Wane ne?"

"Nadabo mana, da jar hularsa!"

Bawale ya tsaya da hannu a sama, baki buɗe.

Dariya ta kufce min, ta farko tun da muka dawo daga maƙabarta, har da hawaye.

Can gefe Malam Sallau mai manja ya ɗauki takalminsa guda, ya taso a hankali.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Shekara guda ina cigiyar wanda ya yi min zawo a durom."