Ranar da Na Ari Sunan Tanko

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran ranakun duka. Lokacin ina malamin sikeli a Gwarzo, ina auna wa wani ɗan kasuwa gyaɗa. Shekaruna ba su haura ashirin da shida ba. Ina da keke, ina da agogon hannu, ina kuma da baki (wannan na ƙarshe shi ya fi sauran aiki).

A shekarun nan ne 'yan Katolika suka fara zuwa wata unguwar Maguzawa da ke kan hanyar Kabo. An ce bishop ɗinsu, wato babban limaminsu, shi ne ya turo wani Fada da wata Sista su riƙa zagaya ƙauyuka. Suka haƙa rijiya, suka kafa rumfar zana, duk Laraba Sista ta zo da akwatin magani ta duba duk wanda ya je, ba ta tambayar addinin kowa. Wannan duk bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sikelin da Fada ya rataye a gindin wata ɗorawa, manomi ya auna gyaɗarsa kyauta kafin ya kawo kasuwa. Sai ga shi mutumin da a da yake sauke buhu ya yi shiru, yanzu yana leƙo kai yana cewa, "Malam, a sake dubawa dai." (Ba na cewa ina cutar kowa. Ina dai cewa idona yakan yi saurin karanta sikeli.)

To, ba zan fito in ce sikeli ne ya ɓata mini rai ba, sai na ɗauko addini na rataya a kafaɗa. Duk ranar kasuwa ina wa'azi a rumfata. Wanda ya fi shan bakina shi ne Tanko, wani manomi daga Lakwaya, mutum mai sanyin hali, wanda ya kai matarsa wurin Sista saboda kumburin ƙafa.

"Tanko, an yi maka wankan nasu ko da saura?" in ji ni, mutane na dariya.

"Magani kawai muka karɓo, Malam."

"Haka ake farawa. Surukina Malam Ilu na Kabo da bakinsa ya ce duk wanda ya taka wurin nan ya sake duba imaninsa."

Malam Ilu mahaifin matata Hajara ne, alaramma ne da ake jin maganarsa daga Kabo har Gwarzo. Bai taɓa faɗin haka ba. Ko zancen bai taɓa haɗa mu ba, don ni a gabansa gaisuwa ce kawai, kaina a ƙasa. Amma na ga sunansa yana rufe bakin mutane, sai na riƙa aronsa duk mako.

Ana haka 'yarmu Ladidi, mai shekara biyu, ta yi ƙyanda. Ƙurajen suka bushe, muka ce an tsallake. Sai tari ya biyo baya, da zazzaɓi, numfashinta ya koma sama-sama, haƙarƙarinta na shiga yana fita. Malamin ɗakin magani na garinmu ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce allurar da take bukata sai Kano. Motar Kano kuwa sai jibi.

Da asubar Laraba, na dawo daga masallaci, na tarar Hajara ta goya yarinyar ta yafa mayafi.

"Malam, yau Sista take zuwa," ta ce.

"Ni? Can? Kin san abin da mutane za su ce?"

"Na san abin da kai ka ce. In ba za ka kai mu ba, buɗe mini ƙofa in tafi da ƙafa."

Tun da aka kawo Hajara gidana ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni haka ba. Na kalli Ladidi, kanta ya langaɓe a bayan uwar, ko kukan ma ba ta da ƙarfinsa. Na ce mu tafi.

Amma (ga inda wautar ta fara) maimakon in ɗauko keke kawai, sai na tsaya na buɗe akwatin marigayi babana, na ɗauko rawaninsa. Ban taɓa naɗa rawani ba a rayuwata. Na nannaɗa shi yadda na ga dama, na ja amawali na rufe baki da hanci, idanu kawai suka rage. Na cire agogo na jefa a aljihu. Hajara ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Allah ya kyauta," ta hau bayan keke.

Muka isa hantsi ya ɗaga. Mutane sun kai talatin a gindin ɗorawa, maza gefe, mata gefe, wasu da raunuka, wasu da jarirai. Ban kalli kowa ba. Sista tana zaune a bakin rumfa tana rubuta kati, dattijuwa ce, farin lulluɓi a kanta, Hausarta na fita a karkace amma ana ganewa. Ta taɓa goshin Ladidi, ta kara kunne a ƙirjinta, fuskarta ta canja.

"Ku zauna nan kusa. Zan dafa allura, yanzu zan kira ku. Sunan maigida?"

Wallahi ban shirya wa wannan tambaya ba. Na shirya rawani, na shirya murya (na ƙara mata kauri), amma ban shirya suna ba. Sunan da ya fi kusa da harshena shi ne wanda na yi wata guda ina taunawa a kasuwa.

"Tanko," na ce. "Tanko Lakwaya."

Hajara ta juyo ta dube ni, ta kawar da kai. Na karɓi Ladidi na rungume, na tsuguna a gefen maza ina fuskantar zana.

Ba a daɗe ba Sista ta fito ta ɗaga murya: "Tanko Lakwaya!"

Ko motsi ban yi ba, don na riga na manta ni ne. Ta sake kira. Sai da Hajara ta jefo mini ɗan tsakuwa sannan na zabura na miƙe. Ina miƙewa, wani mutum ma ya miƙe daga can ƙarshen layi, yana kakkaɓe rigarsa. Muka doshi rumfa tare, kafaɗa da kafaɗa.

Tanko ne. Tanko na gaskiya, da ƙafafunsa, ya dawo da matarsa a sake duba ta.

Sista ta dube shi, ta dube ni, ta duba hannunta. "Kati biyu, suna ɗaya, gari ɗaya. Ku 'yan'uwa ne?"

"A Lakwaya dai ni kaɗai na san ana kira Tanko," in ji shi, yana leƙen idanuna. "Bawan Allah, kai ɗan gidan wa ne?"

Na buɗe baki in ƙirƙiro wani gida. Daidai nan tari ya sarƙe Ladidi, ta miƙa hannu tana neman abin kamawa, ta damƙi amawalin nan ta ja. Rawanin da ma ba naɗin kirki ba ne. Ya warware tun daga sama, zagaye bayan zagaye, ya sauko mini a wuya, saura ya zube a ƙasa. Na tsaya kai ba hula, a tsakiyar mutanen da rabinsu na auna wa gyaɗa.

Can wani ya ce, "Kai! Ba malamin sikeli ba ne?"

Na ce a raina iyakar abin ke nan, ba abin da ya fi wannan. Ashe da saura. Daga inuwar rumfa, kan wata tabarma, wani dattijo da auduga manne a ido ɗaya ya ɗago kai.

"Wannan yarinyar na san ta. Hajara, ke ce? Me ya sami jikata?"

Malam Ilu ne. Mako uku ke nan yana zuwa a kan jaki ana ɗiga masa maganin ido.

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Ina so in gaishe shi, ina so in tattara rawani, ga yarinya a hannu, sai na tsinci kaina ina cewa, "Baba, ina kwana, ina gajiya, ina kwana," kamar wanda aka murɗa wa mabuɗi.

Tanko, mai sanyin halin nan, ya durƙusa gefena cikin ladabi ya ce wa Malam Ilu, "Allah gafarta Malam, ashe kai ma kana zuwa? To ai surukinka ya ce mana ka ce duk wanda ya taka nan ya sake duba imaninsa."

Malam ya juyo da idonsa mai lafiya ya ɗora a kaina. Ido ɗaya ne, amma ya ishe ni.

"Ni na faɗa?"

"A'a, Baba."

"To wa ya faɗa?"

"Ni ne, Baba."

Sista ce ta cece ni, ba don ni ba. Ta tafa hannu ta ce, "Shari'a daga baya. Yarinya tukuna." Ta karɓi Ladidi daga hannuna, ta shige da ita da uwarta. Muka ji ƙarar yarinyar da allura ta shiga. Ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba, don kwana biyu ke nan ba ta iya tsala ihu haka ba.

Aka ce mu jira zuwa la'asar a ga yadda jikin zai yi. Wunin nan na yi shi a gefen tabarmar Malam, ina ninke rawani ina warwarewa. Da azahar ta yi, wani Bamaguje ya ɗebo mana ruwa a rijiyar Fada, muka yi alwala, Malam ya ja mu salla a gindin ɗorawar, ni da Tanko a sahu ɗaya. Ba wanda ya hana mu, ba wanda ya ko kalle mu. Bayan an sallame, Malam ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Mutanen nan suna da addininsu, muna da namu. Sun kawo magani, mun gode, Allah shi ne mai warkarwa. Amma ka yi mini ƙarya, ka ci mutuncin bawan Allah, ka kuma zo ka sace masa suna. Wanne za ka fara gyarawa?"

Na juya na nemi gafarar Tanko a gaban kowa. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Malam. Sunan ma in kana so ka riƙe, ai bai ƙare ba."

Kafin la'asar zazzaɓin ya sauka. Ladidi ta buɗe ido ta nemi nono. Hajara ta fashe da kuka, ni kuma na koma bayan zana na yi nawa. Sista ta ba mu magani na kwana bakwai, ta ce mu dawo Laraba, sannan ta ɗauko sabon kati, ta riƙe alƙalami, ta dube ni ta saman tabarau.

"To, yanzu sunan maigida. Na gaskiya."

Na faɗa mata. Da ƙarfi ma, don ba sauran wanda zan ɓoye wa.

Labari kuwa ya riga mu isa Gwarzo. Ranar kasuwa ina buɗe rumfa aka fara: "Tanko na biyu, an tashi lafiya?" Sunan ya bi ni shekara da shekaru. Ladidi ta girma ta yi aure, yau jikoki gare ta, kuma har yanzu in tana son ta tsokane ni a gaban 'ya'yanta sai ta ce, "Ku gaida Baba Tanko."

Tun daga ranar, in hira ta yi daɗi a majalisa ana sukar inda wani ya je neman taimako, ni shiru nake yi, don ban san inda tawa larurar za ta kai ni gobe ba. In kuwa har ta kai ni, da fuskata zan je da sunana. Na gwada zuwa da na wani, na tarar mai shi ya riga ni bin layi.