Sarkin Dogon Gidan Igwai

Duk faɗin Sakkwato babu wanda ya san jirgin ƙasa kamar Alhaji Sodangi. Wannan ba ƙaramar baiwa ba ce, domin layin dogo bai taɓa zuwa Sakkwato ba, a Kauran Namoda ya gaji ya tsaya. Alhaji ma bai taɓa shiga jirgin ba, amma ina ruwan babban masani da shiga? Yana da hular ma'aikatan jirgi ta gwanjo, da usur a wuya, da sarautar da ya naɗa wa kansa: Sarkin Dogo.

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. Gidansu gidan fawa ne kaka da kakanni, kuma mutanen unguwarsu ta Gidan Igwai sun ƙi mantawa. Shi kuwa ya tsani a ce masa ɗan mahauta. So yake a san shi da tururi.

Kullum yana teburin mai shayi yana zuba ilimi. "Ku mi kunka sani? Jirgin da, kwal shika ci, ruwa shika sha, in ya yi kuka ƙasa ta girgiza! Kakana ya bi shi tun daga Kaura har Ikko." Gaskiya ne. Sai dai a taragon shanu kakan ya yi tafiyar, riƙe da igiya.

Don a rufe bakin mahassada, Alhaji ya sa wani mai walda a Tudun Wada ya ƙera masa kan jirgi: ganga a kwance kan tayoyin baro, da bututun hayaƙi, da tukunyar ruwa bisa ragar ƙarfe. Ya gayyaci unguwa bayan la'asar, ya hura gawayi, ya yi jawabi kan tarihin sufuri, ya busa usur.

Jirgi ya yi hayaƙi, ya yi huci. Bai motsa ba. Ruwan ya ƙafe, aka sauke tukunya, garwashi ya rage jajur ƙarƙashin raga.

Wani mai keke ya taka birki ya leƙo. "Alhaji, balangun ya nuna?"

Kafin Sarkin Dogo ya gama haɗiye wannan cin mutunci, sai ga yayansa Gidaɗo mahauci ya dawo daga kasuwa da ragowar naman rago a tire. Ya dubi wutar, tausayi ya kama shi.

"Sodangi, wanga garwashi ba shi mutuwa banza." Ya shimfiɗa awaza a kan raga.

Alhaji ya juya baya cikin fushi, ya ci gaba da bayanin gadar Jebba. Amma hancinsa bai juya ba. Ƙauri ya fara tashi. Ya yi ta maza, ya ɗaga murya, gumi na zuba. Ƙaurin ya ƙaru. Can sai ya katse jawabin, ya naɗe hannun riga, ya ture Gidaɗo gefe.

"Haba Yaya! Ba haka aka juya awaza ba!"

Ya juya ta da hannu tsirara, ya yayyafa gishiri, ya tsatstsaga ta yadda marigayi babansu ke yi. Unguwa ta ɗauki tafi. Ranar ce kaɗai aka taɓa tafa wa Alhaji Sodangi da zuciya ɗaya.

Har yau jirgin na nan inda aka ajiye shi, kuma kullum da yamma cike yake da fasinja. Da zarar an ji usur, kowa ya san nama ya nuna.