Hatimi Arba'in da Ɗaya

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda zafin bazara kan sa har ƙadangare ya nemi mafaka, akwai wata tsohuwar kuka mai kogo. A kogon nan tsofaffin dabbobi da marasa lafiya ke fakewa har ruwan farko ya sauka. Wata shekara kukar ta gaji ta faɗi, ga bazara ta ƙarato, tsofaffi ba su da wurin zuwa. Cikinsu har da wata bushiya, Iya Kyauta, mai ciwon ƙirji, wadda in rana ta take sai numfashinta ya riƙa fita da ƙyar. 'Yarta Tabawa ba ta da kowa a duniya sai ita.

Dajin kuwa yana da hukumomi uku, kuma tun da aka kafa su ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Hukumar Ruwa tana hannun wani kwaɗo, Barmo. Hukumar Inuwa tana hannun mujiya Lanti. Hukumar Iska kuma an ba hawainiya Nomau, wanda in an kira taro da safe sai la'asar yake isowa. Duk ginin da suka taɓa yi wa jama'a a rabi yake tsayawa. Wannan ya ƙi zuwa, wancan ya fice cikin fushi, a bar bango da ɓaraka, rufi da huji. Gine-gine ne munana, wallahi, amma ana zama a ciki ana numfashi.

A wannan karon sai kunya ta kama su. Suka taru a gindin tsamiya, Barmo ya kumbura wuya ya ce, "Jama'a, an daɗe ana yi mana dariya. Bana za mu gina wa tsofaffinmu gidan hutu wanda ba a taɓa ganin irinsa ba. Ba za a sare ko reshe ɗaya ba, ba za a ɓarnatar da ko ɗigon ruwa ba, kuma jikokin jikokinmu za su tarar da shi a tsaye. Abu ɗaya nake roƙo, mu haɗa kai."

Lanti ta juya kanta har baya, ta ce, "Na yarda, amma da sharaɗi. Abin da ke ɓata mana aiki shi ne musu. Daga yau, duk abin da wata hukuma ta ɗora a ginin nan, babu mai cire shi sai da yardar sauran duka. A ƙara dai, kada a rage."

Aka juya ga Nomau. Ido ɗaya yana kallonsu, ɗayan yana bin wani ƙuda. Ya ce, "Na amince."

Aka ba uwar gara aikin, wata dattijuwa da ake kira Dudu, ita da rundunarta. Kai, gara ta iya gini! Da jar ƙasar wurin suka tayar da shi kamar ƙaton suri, bango mai kauri, ƙofa ɗaya. A jikin bangon Dudu ta bar huji arba'in, wasu can sama, wasu kusa da ƙasa. Ranar da ta miƙa aikin ta ce wa shugabannin, "Ranku ya daɗe, waɗannan hujojin su ne hancin gidan. Iska mai zafi ta fita ta na sama, mai sanyi ta shigo ta na ƙasa. Ku yi yadda kuke so da komai, amma su ku bar su." Nomau, wanda maganar ta fi shafa, ya gyaɗa kai. Ni dai ban ce ya ji ba. Aka yi wa Dudu godiya, aka tura ta wani aikin a ƙetaren rafi.

To, dabbobin dajin nan suna da wata al'ada. Ba su da takarda, saboda haka idan ma'aikaci ya amince da aiki, sai ya curo laka, ya nemi wurin da babu komai a jikin ginin, ya manna, ya danna sawun ƙafarsa a kai. Shi ke nan hatiminsa. A da, saboda gaba, da ƙyar ake samun hatimi biyu a gini ɗaya. Amma bana an haɗa kai. Kowane shugaba yana da mataimaka, mataimakan suna da nasu mataimakan, kuma ba wanda yake so a ce ba a ga sawunsa ba. Aka ƙirga su, arba'in da ɗaya. Suka zagaya bangon suna neman inda laka za ta kama, bango kuwa sumul yake, sai hujojin nan kawai, kamar don su aka tanada.

Kafin a fara manna hatimi, aka shigar da tsofaffi goma sha bakwai, da abinci da ruwan kwana bakwai. Lanti ta ce za a rufe ƙofa tsawon mako guda, don a gwada sanyin gidan ba tare da iskar waje ta ɓata gwajin ba. Tabawa ta rako uwarta har bakin ƙofa.

"Iya, in kin ji ba daɗi, ki ƙwanƙwasa bango, ina nan kusa."

"Ke dai kin cika tsoro, 'yar nan. Ji sanyi kamar gindin randa. Je ki, Allah ya yi miki albarka."

Wata ɓauna ta turo wani ƙaton dutse ta toshe ƙofa. Ma'aikata suka bi layi ana kiɗa, kowa ya cusa curinsa a huji ya danna ƙafa. Na arba'in da ɗaya, wani gafiya, ɗan ƙaramin jami'i, ya rasa huji har ya fara ƙwalla. Aka tausaya masa, aka nuna masa 'yar tsagar da ta rage tsakanin dutse da ƙofa. Ya liƙe ta tsaf, aka yi masa tafi.

Washegari da rana tsaka Tabawa ta zo ta kara kunne a bango. Ta ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki, a hankali, ba daga wuri ɗaya ba, daga ko'ina. Ta sa farce ta kankari wani hatimi, amma rana ta riga ta gasa lakar ta zama dutse. Ta ruga wurin Nomau.

"Ranka ya daɗe, an toshe wa gidan hanci! Uwata ba ta da ƙirjin da za ta jure. A cire ko hatimi ɗaya ne."

Nomau ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya daɗe bai sauke ba. "Baiwar Allah, na ji tausayinki. Amma in na cire nawa, cewa za a yi Hukumar Iska ta janye daga haɗin kai. Ki samo yardar Barmo."

Barmo ya ce shi ba shi da matsala, in Lanti ta yarda. Lanti kuwa ba ta sauraron ƙara da rana. Da Tabawa ta matsa, sai mujiyar ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ƙwanƙwasa kika ji? To ai alama ce suna da ƙarfi. Mu da muka sha wuya kafin mu daina musu, ke ce za ki dawo mana da shi?"

A rana ta uku ƙwanƙwasar ta ragu, ta koma wuri ɗaya, can ƙasa, daidai tsayin bushiya. Tabawa ta amsa da nata farcen, tana kiran "Iya! Iya!" har muryarta ta dushe. A rana ta huɗu ba ta ji komai ba. Wurin ya yi tsit. Tsuntsaye suka daina sauka a kan ginin, tururuwa ma da ta zo kusa sai ta karkata layinta ta zagaye shi. Rana na dukan jan bangon, sawu arba'in da ɗaya suna jere a jikinsa, ko ganye ba ya motsi.

Tabawa ta ƙetare rafi ta faɗi gaban Dudu tana kuka. Tsohuwar ba ta tambayi izinin kowa ba. Ta tattaro rundunarta suka fara haƙa ta ƙarƙashin ƙasa, amma harsashin ginin da suka yi da hannunsu mai kyau ne, ya ci musu kwana biyu. Dudu ta shiga ita kaɗai. Tabawa ta tsuguna a bakin ramin tana jira. Da tsohuwar ta fito, sai ta tsaya tana kaɗe ƙasa daga jikinta, ta ƙi ɗaga kai.

"Inna Dudu, kin gan ta? Ta yi magana?"

"Na gan ta. Tana jingine da bango, ta wajen da kike zama."

"Inna, ki faɗa mini mana!"

"Akwai sanyi a ciki, Tabawa. Sanyi ƙwarai. Duk sun yi sanyi."

Tabawa ta dunƙule a wurin kamar yadda bushiya ke yi.

Maganar Dudu ta kai kunnen majalisa a rana ta bakwai. Barmo ya miƙe a gindin tsamiya ya ce, "Jama'a, kun ji shaida daga bakin maginiya da kanta: akwai sanyi ƙwarai. Ruwan da aka ajiye musu ma an ce ko rabi ba a sha ba, ku dubi tattali! Ina ba da shawara kada a buɗe ƙofar nan a ɓata abin da aka samu. A toshe ramin da aka haƙa ba da izini ba, sannan a gina irin wannan gida a kowace kusurwa ta daji."

Lanti ta goyi baya. Nomau ya ce ya amince. Aka tashi taro ba tare da musu ba.

Bazara uku ke nan gidan yana tsaye, ko tsaga babu, kuma har yau ba a sami ko ɗaya daga cikin mazaunansa da ya kawo ƙorafi ba.